Kwalabe Shida da Sabulun Hajo

Asabar, da hantsi

Shekara arba'in da shida ina wanki da guga a Tudun Wadan nan, yau 'yar da na haifa ta dube ni ta ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa min su." Kwalabe ne fa. Guda takwas, masu faɗin gindi da siririn wuya. Rauda ta kwaso su daga makarantarsu don famfon can ya ƙafe, ta wanke da wani tataccen ruwa da ta zo da shi a jarka, ta kife su a tire a bakin ɗakina saboda nan ne inuwa.

Na ce mata to.

Da matata Hajo na raye da ita zan kai wa ƙara, ta yi dariya ta ce in rabu da Auta. Tunda babu ita sai wannan littafi. Bokona na wata huɗu ne a yaƙi da jahilci, shi ma don in iya rubuta sunayen masu kaya na shiga, kar in kai wa wani wandon wani. Duk wanda ya tsinci littafin nan ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Asabar, bayan azahar

Wankin da ta yi ba wanki ba ne. Na ɗaga ɗaya a rana, duk dusu-dusu, ga sawun ɗigon ruwa. Ko ƙwan fitila Hajo ba ta yarda ya kwana haka. Ita in za ta goge ƙwan fitila ba ta sa ruwa. Ta lakato sabulunta da yatsa ta shafe cikin, ta bari ya sha iska, sannan ta bi da busasshen tsumma har sai ka ga fuskarka.

Curi ɗaya ya rage min na hannunta, daga tukunyar ƙarshe da ta dafa kafin ta kwanta ciwo. Shekara huɗu yana cikin gwangwanin madara a akwatina. Ban taɓa wanki da shi ba. Buɗewa nake in shaƙa in rufe.

Yau na buɗe. Na naɗa tsumma a kara, na lakata ban yi rowa ba, na zura. Shida na yi sai na ji sallamar Rauda a zaure, na mayar na kife yadda suke. Biyun ƙarshe masu jan salatif a wuya ban kai gare su ba. Ta shigo a gaggauce ta toshe bakunansu da auduga ta jera a jaka. Shida na ɗaukar ido, ko lura ba ta yi ba. Haka yaran yanzu suke.

Ni dai gyara na yi.

Litinin, bayan magariba

Muna cin tuwo na sa ta yi min bayanin aikin nata, karo na nawa ban sani ba. Bari in rubuta ko zai zauna.

Wai akwai masu karɓar tsohon man suya wajen masu ƙosai da masu awara, su sarrafa shi ya zama man da inji ke sha. In an gama wani abu na kwantawa a ƙasa, ja-baƙi mai kauri kamar maɗi, gilisirin suke ce masa, zubarwa ake yi. Shi take ba wa wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ta ɗebo a ƙasar garejin bakanike na bayan layinmu, inda baƙin mai ya jiƙa ko'ina. Ta zuba su a kwalba, wani inji ya yi ta jijjiga su kwana biyar ko shida, su ci su ƙoshi, su fitar da wani abu mai kumfa mai cin maiƙo.

Na ce sabulu kenan. Ta ce ba sabulu ba ne, Baba. Na ce abin da ke kumfa ya cire maiƙo, uwarki sabulu take ce masa, kuma ba ta nemi digiri na biyu a kai ba.

Wata bakwai tana wannan kiwon da ba a gani, ba su ba ta ko kumfar miyau ba. Ta ce in wannan zubin bai yi ba, 'yan ajinsu za su gama su bar ta.

Hajo tokar karan dawa take tacewa a kwando da tsumma. Ta ɗora ruwan tokar da man kaɗe tun safe, ta yi ta tuƙi da muciya har la'asar, hayaƙi na cin idonta. Da bakin harshe take gane ya nuna. Mata daga unguwar Gyallesu har unguwar Kongo suna aikowa. Ba wanda ya taɓa rubuta sunanta ko a bayan kwali.

Laraba, da safe

Ciwon gwiwa ya tashi. Mujahid, babban ɗana da ke Kaduna, sati uku bai kira ba. Ni ma ba zan kira ba.

Juma'a, bayan la'asar

Da gudu ta shigo, takalmi ɗaya a zaure ɗaya a tsakar gida. Rabon da in ga haƙoranta haka tun uwarta na nan. Ta ce in zauna in ga abu. Ta zuba ruwa a faranti, ta ɗiga baƙin mai ya rufe saman, sannan ta fito da 'yar kwalba ta sa ɗigo ɗaya a tsakiya. Man ya tsere gefe-gefe kamar an kore shi. Ta girgiza kwalbar, kumfa ta tashi har wuya ta tsaya.

Ta ce duk shidan da ta zuba wa ƙwayoyin sun yi haka. Biyun masu jan salatif, da gangan ba ta sa musu ƙwayoyi ba, su ne shaida, kuma ko kumfa ɗaya babu a cikinsu. Wai wannan ne ya tabbatar ƙwayoyin ne suka yi aikin. Malamarta Dokta Chinonye har rungume ta ta yi.

Na karɓi kwalbar na kai hanci. Akwai tsamin abinsu, akwai warin mai. Can ƙasa kuma akwai wani abu da na sani.

Ta ce, "Da Inna na nan, Baba."

Na ce mata Allah ya sa albarka. Na tashi na ce zan duba kaji.

Asabar, bayan asuba

Shida. Ni ma shida na goge.

Lahadi, da yamma

Na je na zauna a bencin Hyacinth mai shago. Shekara talatin muna maƙwabtaka, shekara talatin ina gaya masa sabulun kantin da yake sayarwa na cinye zare, shi kuma yana ce min tsohon zamani. Na tambaye shi a kaikaice: in aka shafa sabulu a cikin kwalba, sannan aka dafa ta a tukunyar tururi irin wadda su Rauda ke kashe datti da ita, sabulun mutuwa yake? Ya ce Malam Kailani, abin da aka haifa a kan wuta yaya tururi zai kashe shi, me ka aikata? Na ce tambaya ce kawai, mutum ba zai yi tambaya ba sai ya aikata wani abu? Ya ce fuskata kamar ta wanda ya ƙona rigar mutane.

Na bar masa bencinsa.

Wa ya sani, ƙila ƙwayoyin ne suka yi. Ƙila ƙamshin a hancina yake, tunda kullum ina shaƙar gwangwanin.

Da a rafin Kubanni muke wanki, mu goma sha. Ruwa garau har kana ganin yashi. Ka buga riga a dutse, amonta har gada. In azahar ta yi, bakin rafi fari fat da shanya, Hajo ta sauko da kwanon fura a ka, Mujahid a baya. Yanzu je ka gani, leda da kwata. Masu kayan ma sun sayi inji sun manta hanyar gidana, in mun haɗu a masallaci sai su yi ta tambayar gwiwa.

Talata, bayan azahar

Dokta ta ce a maimaita, abu ba ya zama gaskiya da zubi ɗaya. Ruwa ya dawo a makaranta, can ta wanke kwalabenta. Tana waƙa tana shara. Ta yi min dambu irin na uwarta, da zogale da gyaɗa. Cokali uku na iya.

Lahadi, da hantsi

Babu kumfa. Ta ce an ɗauke wuta kwana biyu injin ya tsaya, shi ne. Na ce haka ne, wutar nan ba ta da kirki.

Ni dai gyara na yi.

Asabar, bayan magariba

Zubi na uku ma babu. Ba a ɗauke wuta ba wannan karon.

Litinin, bayan la'asar

Ta dawo ba sallama, ta zauna a kan turmi da jaka a kafaɗa. Dokta ta aika ruwan kwalaben farko an gwada, an samu sabulu ne a ciki, na mutane, ba na ƙwayoyi ba. Ran Alhamis ƙarfe goma za ta tsaya gaban kwamiti. Zargin shi ne da hannunta ta zuba don ta gama da 'yan ajinsu. In suka tabbatar, kora ce, kuma takardar za ta bi ta duk inda ta je.

Ta ce, "Baba, ni da ko man shafawa ba na sawa ranar da zan shiga ɗakin gwajin."

Ta lissafa duk wanda ke da makullin ɗakin. Ta zargi wata abokiyar karatunta, sannan ta yi istigfari. Ni ko kallona ba ta yi da wannan ido ba. Ta ce kar in taɓa, ta ɗauka ban taɓa ba.

Talata, da safe

Ita ta jawo. Da ta ce Baba ga dalili, sabulu na ɓata aikin, ai ni ba mahaukaci ba ne. Amma "kar ka taɓa", kamar ana yi wa akuya magana. Ni da na wanke kayan alƙalai da na manyan ma'aikatan reluwe, ba a taɓa dawo min da ko hankici ba. Da wankin nan na kai ta inda take. Kuma wa ya ce ta kife su a bakin ɗakina?

Shekara saba'in da uku ban taɓa ba wa ɗan da na haifa haƙuri ba. Mahaifina bai ba ni ba, kuma ban mutu ba.

Talata, bayan la'asar

Ba ta ci komai ba tun jiya.

Laraba, da hantsi

Ƙarya na rubuta jiya. An taɓa dawo min da kaya, ko in ce ni na kai.

Shekarar da aka haifi Mujahid, garwashi ya faɗo daga dutsen guga ya huda babbar rigar Alhaji Zulkiflu, farar shadda mai aiki, daidai ƙirji. Na ce wa Hajo zan ce ɓarawo ya ɗauke ta a shanya, dama ana yi. Ta karɓi rigar ta ninke ta da kyau, ƙunar a sama, inda ido zai fara sauka, ta ɗora min a hannu. Sannan ta yafa mayafi ta biyo ni a baya, jego ko arba'in ba ta yi ba, har ƙofar gidan Alhaji. Ta tsaya a gindin darbejiya tana kallo don kar in kauce.

Alhaji ya zage ni tas. Shekara goma sha tara bayan nan ni nake masa wanki har ya rasu.

Kwana uku ban yi wa Hajo magana ba a kan wannan. Ita kuwa ko a jikinta.

Laraba, bayan magariba

Na hura gawayi na goge wa Rauda doguwar riga da hijabin da za ta sa gobe. Na yi karin hannu yadda nake wa alƙalai. Ta karɓa ta ce Allah ya saka, Baba, ka sa ni a addu'a. Saura kaɗan in faɗa mata gaskiya. Na ce ta rataye kar ya yamutse.

Alhamis, da safe

Ta fita. Na ɗauko gwangwanin.

Alhamis, bayan la'asar

Mai keke ya sauke ni a bakin get ɗin makarantarsu. Sau huɗu ina tambaya kafin a nuna min benen, gwiwa kamar ta cire. Wani mai gadin ƙofa ya ce ba a shiga, ana zama. Na ce masa ni ne mai laifin da suke nema, ya matsa ko in zauna a nan in yi ta kiran sunan 'yata. Ya matsa.

Mutum biyar a bayan tebur, Rauda a tsaye ita kaɗai, karin hannun da na yi yana nan. Ta ce, "Baba, lafiya?" Ban kalle ta ba, don in na kalle ta ba zan iya ba.

Na gane Dokta Chinonye don ita ce ta miƙe ta ba ni kujera. Haihuwar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi ta Mujahid. Na ce ba zama na zo yi ba, a ba ni kwalba irin ta Rauda, wankakkiya, da ruwa. Wani mai tabarau ya fara Turanci, Dokta ta ɗaga masa hannu ta aika aka kawo. Kara da tsumma dama na zo da abina.

Na yi yadda na yi ran Asabar ɗin, a gabansu, ban rage komai ba. Na lakata, na shafa, na jira ya sha iska, na goge har ta ɗauki ido. Na miƙa wa Dokta na ce ta duba ko ta ga wani abu a ciki. Ta ɗaga a taga ta ce babu. Na ce ta zuba ruwa ta girgiza.

Kumfa har wuya.

Na ce shida na yi wa haka a bakin ɗakina, masu jan salatif ban kai gare su ba don ta yi sallama. Na ce yarinyar nan ba ta sani ba, ta ma hana ni taɓawa, ni ne ban ji ba. Mai tabarau ya tambaya da Hausarsa ta makaranta me ya sa na yi. Na ce don ba su fita ba.

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Dokta ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, sai mun gwada wannan sabulun mu ga ko shi ne na cikin kwalaben. Za ka bar mana shi?"

Na ce na matata ne, ta rasu, babu wani. Na rufe gwangwanin na tura mata.

A waje Rauda ta tsaya a gindin bene. Na zaci ihu za ta yi, da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce, "Sati uku, Baba. Kana kallona ina zargin mutane."

Keke ɗaya muka hau har Tudun Wada.

Asabar, da safe

Tana ajiye min abinci a bakin ƙofa ta juya. Tana gaishe ni, ba ta fasa ba, amma irin gaisuwar da ake yi wa baƙon maƙwabci.

Na buɗe akwati na tarar da gurbin gwangwanin. Na manta ba ya nan.

Litinin, bayan azahar

Sakamako ya fito, sabulun ɗaya ne. An wanke ta daga zargi. Amma shidan nan an soke su, kuma lokaci ya ƙure, sai ta bi 'yan bayanta. Shekara guda. Daga bakin Hyacinth na ji, ita ta gaya wa matarsa. Ya ce ashe da gaske riga na ƙona. Na ce ya ji da shagonsa. Ya zuba min shayi.

Talata, bayan magariba

An yi ruwan farko yau, ƙasa ta yi ƙamshi. Tana tsakar gida tana tara ruwan indararo a bokiti. Na tsaya a bakin ɗakina, daidai inda tiren ya zauna, na ce, "Auta, abin da na yi ban kyauta ba. Shirun ya fi gogewar muni. Ki yafe min."

Ta gyara wa bokitin zama. Ta ce, "Na ji, Baba."

Na ji kawai. To. Ni ma kwana uku na yi wa uwarta.

Na kira Mujahid. Wai wayarsa ce ta faɗa ruwa. Ƙarya yake, amma mun yi hira.

Juma'a, bayan la'asar

Sati biyar ban buɗe littafin nan ba, babu abin rubutawa sai gwiwa da ruwan sama.

Yau ta zo ta zauna a tabarmata, abin da ba ta yi ba tun ranar kwamiti. Ta ce ita da Dokta sun gano gilisirin ɗin ne ke zuwa da guba daga wajen masu haɗa man, yana sa ƙwayoyin kasala. Yanzu sai ta tsabtace shi kafin ta ba su. Ta fito da 'yar kwalba ta girgiza. Kumfa ta tashi kamar faɗin yatsa biyu, siririya, amma ta tsaya ba ta kwanta ba. Masu jan salatif babu komai. Sau uku ta maimaita.

Na kai hanci. Tsami da warin mai kawai. Babu kowa a ciki sai ƙwayoyinta.

Na ɗauko tsohuwar hulata mai maiƙo a baki, na ɗiga, na cuɗa, na ɗauraye. Ya ci maiƙon, ba laifi. Ta ce yaya? Na ce bai kai na uwarki ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce dama ta san abin da zan ce kenan.

Sannan ta miƙo min gwangwanin. Sun yanki kusan rabi da wuƙa, sauran na cikin 'yar leda da farar takarda manne a jiki. Ta ce a ɗakin gwaji ba a ajiye abu babu suna, kuma haka zai fito a littafin digirinta, a shafin da za ta bayyana dalilin soke zubin farko. Na matsar da shi nesa da ido na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: Sabulun Hajo, Tudun Wada, tokar karan dawa da man kaɗe.

Na ce an yi kuskure, ba a sa cewa da muciya ake tuƙawa ba. Ta ce za ta ƙara.

Asabar, da hantsi

Famfonsu ya sake ƙafewa. Ta wanke takwas ta kife a tire a bakin ɗakina, ta ce za ta je Gyallesu ta dawo. Ba ta ce kar in taɓa ba.

Dusu-dusu suke, wallahi. Na kori kaji daga wajen, na koma na zauna.